Jirgin da Len Ya Kasa Juyawa

Len Tunnicliffe direban bas ne tun yana saurayi har furfura ta rufe masa kai. Da ya yi ritaya abokan aiki suka ba shi agogo, shi kuma ya ba kansa sabon aiki, wato alƙalancin jiragen ruwa. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya isa ya sauke shi.

Kotunsa wani benci ne a bakin kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa don jirage, daidai mararrabar da ruwa ya rabu biyu a bayan tsohuwar masana'antar tangaran. Hanya ɗaya ta miƙe ta yi kudu. Ɗayar kuwa ta karya wata muguwar kwana, ta shige ƙarƙashin ƙaramar gadar bulo, ta bi ta gaban maɗaurar jiragen garin. Jiragen nan sirara ne, dogon mutum in ya kwanta a faɗinsu ya cika su, amma a tsawo sun fi bas ɗin da Len ya tuƙa. Ba su da birki, kuma in ka tura sandar tuƙi dama, hagu suke yi. Don haka duk wanda ya zo shiga gadar nan sai ya jiƙe da gumi, bulon kusurwarta kuwa ya sha fenti kala-kala daga jikin jiragen da suka sumbace shi.

Kullum da hantsi Len na nan zaune da filas ɗin shayinsa, a gefensa Hector Bagnall, wani tsohon mahauci mai ƙaton ciki wanda dariya ba ta yi masa wuya. Da jirgi ya ɓullo sai Len ya karkata kai ya ƙanƙance ido.

"Wannan ya makara. Tun daga wancan itacen ya kamata ya fara karyawa. Hector, saurara ka ji."

Sai a ji ƙum! Hector ya riƙe ciki yana tuntsira dariya, Len kuma ya kurɓi shayi kamar likitan da cutar da ya faɗa ta tabbata. In kuwa mutum ya shige lafiya bai taɓa ko'ina ba, sai ya ce, "Iska ce ta taimake shi."

Amma inda Len ya fi yin suna shi ne karatun tallar tsofaffin jirage. Yakan buɗe mujallar da ake buga tallace-tallacen, ya gyara tabarau, ya riƙa yi wa jama'ar benci fassara.

"'Yana buƙatar 'yar kulawa.' Wato nutsewa yake yi. 'Mai shi ya riƙe shi da ƙauna.' Wato tunda ya saya bai taɓa fitar da shi daga ruwa an duba ƙasansa ba. 'Sabon fenti.' To, me aka rufe? Ku dubi hoton nan kuma. Kun ga tukwanen furanni jere a kan rufi? Kowace tukunya ɓula ce a ƙarƙashinta."

Har daga wasu unguwanni ake zuwa neman shawararsa, kuma duk wanda ya zo da talla a hannu yakan koma gida jikinsa a sanyaye. A iya sanin Hector, ba a taɓa samun wanda ya sayi jirgi bayan ya yi magana da Len ba. Len kuwa yana alfahari da hakan, yakan ce ba mutum ɗaya da ya taɓa yin asara ta hannunsa.

Abin da ba a cika tayarwa a benci ba shi ne, Len bai taɓa mallakar jirgi ba, bai ma taɓa riƙe sandar tuƙi ba. In wani baƙo ya yi kuskuren tambaya, sai ya ce, "Wanda ya juya bas mai bene a tsakiyar kasuwa ranar Asabar, wace kwana za a nuna masa?"

Matarsa Glenys ce kaɗai wannan amsa ba ta gamsar ba. Mace ce 'yar siririya marar yawan magana, wadda ta yi rayuwarta tana zana furanni a jikin kofuna a masana'antar tangaran kafin a rufe ta. Wata safiya yana karanta mata talla a teburin karin kumallo, yana nuna mata ƙaryar da ke cikin kowane layi, sai ta ajiye wuƙar man shanu.

"Leonard."

In ta kira cikakken sunan nan ya san ba lafiya ba.

"Tun yarinyarmu tana makaranta kake zaɓen jirgi. Yanzu ita ma 'yarta ta shiga makaranta. Ko dai ka saya mu hau tun gwiwoyina suna lanƙwasuwa, ko ka kwashe mujallun nan daga ɗakin baƙi, in sa keken ɗinkina."

Maganar ta tsaya masa a rai. Cikin makon nan kuwa ya ci karo da wata talla wadda bai taɓa ganin irinta ba. Ga abin da aka rubuta: tsohon jirgi ne, dogo ƙwarai, akwai tsatsa, inji yana hayaƙi, taga ɗaya tana yoyo, ba ya jin magana in an sa ribas. Hoton ma a ranar ruwan sama aka ɗauke shi.

Len ya sake karanta ta daga farko. Shi dai ya san duk talla ƙarya ce. In mai cewa jirginsa lafiya lau ƙarya yake yi, to mai cewa jirginsa ya lalace fa? Ya kai wa Hector maganar a asirce.

"Wannan mutum ba ya son ya sayar. Matarsa ce ta matsa masa, shi ya sa yake kushe kayansa don masu saye su gudu. Ina gaya maka, zinariya ce aka shafa wa laka."

"Ko kuma dai lakar ce zalla," in ji Hector.

"Kai nama ka sani, abokina. Bar mini jirgi."

Mai jirgin wani dattijo ne mai suna Gwilym, bai taɓa aure ba, wanda ciwon baya ya tilasta wa komawa tudu. Ya ɗaga katakon ƙasa ya nuna wa Len tsatsar, ya tayar da inji hayaƙi ya turnuƙe su, ya ce, "Yallaɓai, ka dai karanta abin da na rubuta ko? Ka kira masu duba jirgi su fitar da shi su auna ƙarfensa tukuna."

Len ya kashe masa ido ɗaya. "Na karanta abin da ka rubuta, na kuma gane abin da kake nufi."

Gwilym ya dubi Glenys, Glenys ta dubi sama. Aka yi ciniki.

Ranar da za su kawo jirgin gida, tafiyar yini ɗaya ce ba ta cika ba. Glenys ta ɗauko filas, da kek ɗin da ta gasa, da rigar ruwa. Da farko abin ya ba Len tsoro, don jirgin sai ya yi ta tunani kafin ya amsa umarni, in ya amsa kuma ya wuce gona da iri. Amma hanya miƙaƙƙiya ce, kafin azahar ya fara sakin jiki, har yana tuƙi da hannu ɗaya yana ɗaga wa masu yawo da karnuka ɗayan.

Sai ga bututun hayaƙin tsohuwar masana'anta ya ɓullo. Sai ga benci.

Hector bai ɓoye labari ba. Bencin ya cika, wasu sun zo da kujerunsu na naɗewa, wasu suna tsaye a kan gada. Duk wanda Len ya taɓa hana sayen jirgi yana wurin, da matarsa. Har da mai sayar da askirim ya faka motarsa.

Len ya dubi bakin gadar. Daga benci faɗinta ya ishi jirgi har da saura. Daga nan inda yake tsaye kuwa, ramin ɓera ya gani, ga hancin jirginsa can nesa kamar a wata unguwa. Ya ga itacen nan da yake cewa daga nan ake fara karyawa. Itacen ya zo, itacen ya wuce. Hannunsa ya ƙi motsi.

"Len, ga kwanarmu," in ji Glenys.

"Na gani."

"Len, ta wuce."

Ya cire hula ya ɗaga wa jama'a, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Inji nake gwadawa! Ba a ɗaure sabon jirgi da zafinsa!"

Jirgi ya miƙe kudu, jama'a suka bi shi da kallo, askirim yana narkewa a hannunsu.

Ya ce wa Glenys kada ta damu, akwai majuya a gaba, irin wurin nan da aka faɗaɗa kanal don dogon jirgi ya sa hanci ya juyo. Suka isa, sai ga masu kamun kifi uku zaune a bakinta. Len ya ce ba ladabi ba ne a dama musu ruwa. Majuya ta gaba, wata mata ce a tsaye da jariri tana ba agwagi burodi. Len ya ce akwai laka a wurin, ya gani daga launin ruwan. Ta gaba da ita ba kowa sai shanu, amma wata saniya ta ɗago kai ta zuba masa ido tana tuƙa, shi kuwa ya ce iska ta yi yawa.

Da yamma ta yi suka ɗaure a bakin wata gona, suka ci kek. Glenys ta shimfiɗa rigar ruwa a kan tsohuwar katifar Gwilym, ta sa kofi a ƙarƙashin tagar da ke yoyo.

Da safe Len ya tashi da dabara. Ya shimfiɗa taswirar da ya tarar a jirgin, ya bi layin ruwa da yatsa. Kanal ɗin nan in ka bi shi kudu ya haɗu da wani, wannan ya haɗu da wani, a yi ta zagaye har a dawo garinsu ta bayan gadar bulo, a faɗo maɗaura kai tsaye. Ba kwana, ba juyi, ba benci.

"Tafiyar kwana nawa ce?" in ji Glenys.

"'Yan makonni."

"Leonard, rigar da ke jikina ita ke nan gare ni."

"Akwai kantuna a hanya."

Glenys ta san shi tun yana kwandasta kafin a ba shi sitiyari, ta san abin da ke damunsa, ta kuma san ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Sai ta ɗauki waya ta kira 'yarsu ta ce ta je ta ɗauke kyanwarsu ta kuma kwashe madarar da ke firji.

Haka tafiya ta kama. A garin farko suka sayi kayan sawa da tukunya da buroshin haƙori. Duk abin da Gwilym ya rubuta a tallarsa ya tabbata ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ya manta bai rubuta ba: murhu yana mayar da hayaƙi ciki, famfon banɗaki sai an roƙe shi. Kowace safiya Len yana kwance rub da ciki ya tura hannu cikin ruwan sanyi yana cire leda da igiya daga farfela. In ya taso sai ya ce, "Ƙarfen da ne, yanzu ba a yin irinsa."

Matakalun ruwa kuwa, inda ake shigar da jirgi a rufe ƙofofi a ɗaga shi ko a sauke shi, Glenys ce ta ɗauki aikinsu. Ita ke sauka ta murɗa ƙarfe, ta jingina baya da ƙaton katakon ƙofa ta tura. Kwanakin farko da kyar take miƙewa. Daga baya sai ga ta tana tsallaka ƙofa da kofin shayi a hannu, tana hira da matan wasu jiragen, waɗanda su ma mazansu ke tsaye a baya riƙe da sanda suna ba da umarnin da ba mai ji. Fuskarta ta yi ja, ta fara cin abinci kamar ma'aikacin gini. Ta sayi fenti ta zana furanni a jikin bokiti da ƙofar jirgi. Wata rana Len ya ji tana waƙa, abin da rabonsa da ji tun kafin a rufe masana'anta.

Hector yakan bugo waya. "Mutumina, har yanzu injin bai huce ba?"

"Zagaye muke yi," in ji Len. "Wanda bai yi zagaye ba bai san jirginsa ba. Ku dai ku ci gaba da ɗumama benci."

Sun ci mafi yawan hanya, har Len ya fara shirya jawabin da zai yi in sun sauka, sai suka tarar da jirage jere a bakin wata matakala. Ƙofarta ta karye. Wani ma'aikaci mai riga ruwan lemo ya ce gyara zai kai ƙarshen kaka, kowa ya juya ya koma inda ya fito.

Majuyar da ke wurin tana gaban lambun wata mashaya, ranar kuwa Lahadi ce, rana ta fito, kowane teburi cike da mutane. Len ya tsaya yana kallon jirage suna juyawa ɗaya bayan ɗaya, har wata yarinya 'yar jami'a da jirgin haya ta juya nata tana cin tuffa. Ya ce bari a jira mutane su ragu. Glenys ta kwance igiya ta jefa kan rufi.

"Yau za ka juya shi, Leonard. Ko ka juya shi, ko in hau bas in tafi gida."

Ya tayar da inji. Ya sa hanci cikin majuya da ƙarfin da ya wuce kima, hancin ya nutse cikin laka ya kafe. Ya sa ribas, jirgi ya yi hayaƙi ya ƙi motsi, sannan ya fizge gaba ɗaya, gindinsa ya daki ɗaya gaɓar. Iska ta zo ta ƙarasa aikin. Kafin a ce haka, jirgin Len ya gindaya a kanal daga gaɓa zuwa gaɓa kamar sakata, ba gaba ba baya.

Lambun mashaya ya miƙe tsaye.

"Tura sandar hagu, baba!"

"Ina! Dama!"

"Ba shi wuta!"

"Kashe injin kawai!"

Wani mai jan hanci, riƙe da kofin giya, ya ce wa na kusa da shi da murya mai ƙarfi, "Tun farko ya makara. Ni da na gan shi na san ba zai yi ba."

Len ya juyo, fuska ta yi jawur, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Kai! Ka taɓa tuƙa jirgi?"

"A'a, amma ina zaune a nan kowace Lahadi."

Len ya ɗauki doguwar sandar turawa ya kafa a gaɓa ya danna da dukan ƙarfinsa. Sandar ta kafe a laka, jirgi ya matsa, shi kuma ya bi sanda. Ruwan bai wuce ƙirjinsa ba, amma da ya miƙe hularsa ta yi gaba, ganye ya manne masa a kunne, wata agwagwa tana yi masa faɗa.

Glenys ta leƙo ta tabbatar yana numfashi. Sannan ta ɗauki igiyar hanci ta wulla cikin lambun mashaya.

"Ku masu baki, ga igiya. A ajiye kofuna."

Abin mamaki, suka ajiye. Maza da mata suka kama, har da mai jan hanci da mai dafa abinci da farar hularsa, suka ja suna ihu suna dariya, jirgi ya juyo a hankali har hancinsa ya dubi inda ya fito. Aka yi tafi. Mai mashaya ya kawo wa Len tawul da miya mai zafi, ya ce kada ya damu, a bara wani ya shigo da nasa har cikin lambu.

Len ya zauna a bayan jirgi lulluɓe da tawul, yana rawar sanyi. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Glen, abin nan da wuya."

"Na sani," ta ce. "Sha miyarka."

Suka komo ta hanyar da suka bi, matakala bayan matakala. A hanya, duk majuyar da ba kowa, Glenys takan sa shi ya juya jirgin ya sake juyo shi, tana tsaye a hanci tana nuna masa tazara da hannu. Bai gwanance ba, amma ya daina faɗawa ruwa.

Ganye ya fara zuba ranar da suka iso mararraba. Ana yayyafi, Hector ne kaɗai a benci da lema. Len ya karya kwana, ya daki kusurwar gada, ya ja baya, ya sake dukanta, a na uku ya shige yana gurzar bango. Hector ya biyo su da gudu-gudu har maɗaura ya kama musu igiya, yana haki.

"Ka rame, mutumina. Yaya jirgin? Zinariya ce ko laka?"

"Yana buƙatar 'yar kulawa," in ji Len. "Shigo ka sha shayi, amma ka sunkuya, kuma kada ka zauna ƙarƙashin tagar can."

Da aka fitar da jirgin daga ruwa a hunturun nan, mai walda ya zagaya shi yana ƙwanƙwasawa da guduma, ya tambaye su ko da gaske a cikin wannan suka yi makonni suna kwana. Aka yi masa sabon ƙasa. Len ya koyi fenti da kankare tsatsa, hannuwansa suka yi kanta, bakinsa kuma ya ragu, ko da yake bai mutu ba. Yanzu in ya tunkari wata matsattsiyar kwana, tun daga nesa yake fara ba jiragen da ke ɗaure haƙuri, har masu su sun san muryarsa, suna jin ta sai su fito su riƙe kofunansu.

Bana Glenys ta ce yankin Wales za su. Ta ji labarin wata doguwar gada da ke ɗauke da kanal a can sama, ta ƙetare kwari, gefe ɗaya ba ko shinge, in ka leƙa daga inda matuƙi ke tsayawa sai ka hango tumaki kamar ƙwayar shinkafa. Len ko tsani ba ya iya hawa ya gyara ƙwan lantarki ba tare da tsoro ya kama shi ba. Tun watan Fabrairu yake cewa injin yana wani ƙara da bai gane ba. Glenys ta riga ta sayi sababbin takalman ruwa, ta kuma gaya wa 'yarsu ranar da za ta zo ɗaukar kyanwa.